Kafin Ka Sayi Tsohuwar Bindigar Farauta

Yau maganarmu da maharba ce, musamman mai shirin sayen tsohuwar bindiga a hannun wani.

Ɗan'uwa, kada ƙyallin ƙota ya ruɗe ka. Ran bindiga yana cikin bututunta. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, sannan ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa. Ka leƙa da kyau. In tsatsa ta ci ƙarfen har ta yi ramuka, ajiye ta. In ka shafa bututun ka ji kumburi, ko da ɗan kaɗan ne, ajiye ta. Wannan kumburi alama ce an taɓa harba ta a toshe, kuma a nan ne za ta iya fashewa, kusa da hannunka da idonka.

Sai albarushi. Bindigogi da yawa na zamanin da an ƙera su ne don baƙin albarushi. Harsashin zamani ya fi ƙarfinsu. A Ingila ana gwada bindiga kafin a sayar, a buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham yana wannan aiki tun 1813. Ka nemi hatimin.

Ka gwada kunamar, kada ta saki da kanta. Ka duba lambar bindigar. In an kankare ta, wallahi ka yi nesa da ita.

Ka je da ƙwararren maƙeri ya duba maka. Kuma kada kuɗi ya bar aljihunka sai ka mallaki lasisi daga 'yan sanda.

Allah Ya kiyaye mu.