Daga Tamanrasset Zuwa Agadas: Ta Ina Saƙonka Yake Bi?

 Yau maganar rezo za mu yi, wato sabis a bakin 'yan Najeriya.

Ka sha ganin wannan: waya ta nuna rezo cike, sanda huɗu ko biyar, amma saƙon muryar da ka aika wa abokin cinikinka kan farashin dabino ya tsaya cak. Ka ɗaga wayar sama, ka hau bayan mota, shiru. To, sandunan nan abu ɗaya kawai suke gaya maka: wayarka tana jin ƙarfen sabis da ke kusa da kai. Daga ƙarfen zuwa sauran duniya wata tafiya ce dabam, kuma a can saƙo ya fi maƙalewa.

Babbar hanyar a ƙasa aka binne ta. Zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, an lulluɓe shi da roba mai ƙarfi, haske ke gudu a cikinsa yana ɗauke da murya da hoto da saƙon kuɗi. Aljeriya ta shimfiɗa nata daga Alje, babban birni, ya ratsa Tamanrasset har Ingizam, fiye da kilomita 2,500. Nijar ma ta kama nata ɓangaren da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Afirka, ciki har da layin Arlit zuwa Assamaka har bakin iyaka.

Me ya kawo wannan wahala a tsakiyar hamada? Manyan wayoyin intanet ta ƙarƙashin teku suke zuwa, Nijar kuwa ba ta da teku, ta ƙasashen kudu take samu. A watan Maris na 2024 wasu daga cikinsu suka tsinke a teku kusa da Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka wayi gari intanet na jan ƙafa. Makiyayi ya fi kowa sanin halin wanda ya dogara da rijiya ɗaya. Layin arewa, mai kaiwa Bahar Rum, rijiya ta biyu ce.

Abokan gabar zaren su ne ruwan da ke sauka daga duwatsu da ƙarfi ya yaye ƙasa, da kuma mai haƙa. Idan ka ga alamun da aka kafa a gefen titi, kada ka tona wurin. Masu tonowa don su sayar kuma, wahalar banza suke: gilashi ne, ba tagulla ba.

Inda zaren bai kai ba, ƙarfe ke miƙa wa ƙarfe. Dubi saman ƙarfen sabis, za ka ga wani abu zagayayye kamar ganga. Yana fuskantar ɗan'uwansa ne a wani ƙarfe mai nisan kilomita gommai, kuma dole su ga juna ido da ido. Dutse ya shiga tsakani, magana ta yanke. Kamar raƙuman ayari suke, kowane ɗaure da na gabansa. Ɗaya ya faɗi, na bayansa duka sun tsaya, ko da wayarka tana nuna sanda biyar. Da yawa daga na daji da hasken rana suke aiki. Ƙura ta rufe farantan, batir ya tsufa, sai rezo ya ɗauke can cikin dare ya dawo da hantsi.

Sai ta sama. Aljeriya tana da tauraron ɗan'adam na sadarwa, Alcomsat-1, da aka harba daga ƙasar Sin a Disamban 2017. Irinsa suna tsaye a nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa idan kiranka ya bi ta nan za ka ji murya tana jinkiri, kai da mai amsawa kuna karo da bakin juna. Wayar Thuraya ma ta tauraro take bi, ba ruwanta da ƙarfe, ta ceci rayuka a hamada. Amma ga tsada, kuma a Aljeriya ba a riƙe ta sai da izinin hukuma. Haka na'urar Starlink, wadda Nijar ta amince da ita: izinin wata ƙasa ba ya tsallaka iyaka tare da kai. Ka tambaya kafin ka sa ta cikin kaya, kada a ƙwace, ka kwana a ofis.

A bakin iyaka kuma, waya kan kama ƙarfen ƙasar da ke maƙwabtaka ba tare da saninka ba, kuɗinka ya ƙone. Shiga saitin waya ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Daga Assamaka zuwa Arlit tafiyar kilomita wajen 200 ce. Saƙon kuɗi da maganar farashi, ka gama su tun kana cikin gari. Ka faɗa wa na gida lokacin da ka tashi, da motar da ka shiga, da ranar da za su fara cigiya idan ba su ji ka ba. A hanya idan ka samu sanda ɗaya, kada ka ɓata ta wajen kira ko saƙon murya. Rubuta gajeren tes, ko ka sa yaron mota ya rubuta maka, shi ke iya kutsawa ta ƙaramar kafa.