Agogon da Ya Kusa Cinye Mini Shekara

An ce in yi magana kan bincikena, amma na zaɓi in ba ku labarin wahalar da ba za ta shiga kundin digirina ba.

A ɗakin gwajinmu nan Ingila akwai na’urar da ke auna girgizar ƙarfe. Manhajarta ta zamanin DOS ce, ta girme wasu a ɗakin nan. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu, sai muka tono wata mai Windows 98, don ita kaɗai ke da ramin da katin awon zai shiga. Manhaja ta buɗe lafiya lau. Sai dai sakamakon ya koma shirme, ga malamina yana jiran alƙaluma kafin a sabunta mini tallafi. Sati uku ina zargin waya da na’urar awo.

To, ga abin da ban kula da shi ba. A cikin kwamfutocin nan akwai ɗan cif mai lamba 8254, yana bugawa sau 1,193,182 a daƙiƙa. Idan aka raba da 65,536, sai ya riƙa katse furosesa kusan sau 18.2 a daƙiƙa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa: ajiye abin da kake yi, lokaci ya yi. Wanda ya rubuta manhajarmu ya mayar da rabon 1,193, don ƙwanƙwasar ta zama sau 1,000, kowace ɗaya awo ɗaya. A DOS ba mai hana shi, gidan nasa ne. A Windows kuwa ɗan haya ne. Ita ke riƙe da agogon gaske, tana miƙa masa na kwaikwayo, kuma sai ta samu sarari.

Yadda na kama ta, na sa manhajar ta riƙa kunna ƙafa ɗaya ta mashigar firinta a kowace katsewa, na jona na’urar nuna igiyar lantarki. Wallahi da na gani sai da na yi dariya. Shiru, shiru, sannan guda biyar su zo a guje, kamar ’yan makaranta sun makara. Na tayar da kwamfutar a DOS zalla, bugun ya daidaita.

Saura nawa laifin. Garin wannan gyara na sa kowace katsewa tana kiran tsohon mai kula da agogo na BIOS, shi kuwa a saninsa 18.2 ce. Agogo ya riƙa gudu ninki 55, kwana guda a minti 26. Na je sallar La’asar na dawo, na tarar da fayil mai kwanan watan gobe.

Maganin shi ne ka riƙa tara 1,193 a kowace katsewa, sai jimilla ta kai 65,536 ka kira shi. Sauran lokutan kai da kanka za ka aika 20h zuwa mashiga 20h, ka shaida wa cif 8259 ka gama, in ba haka ba ƙwanƙwasar ta tsaya cak. In za ka fita, ka mayar da komai yadda ka same shi.

Na’urar tana nan tana aiki, na manna mata takarda: kada a buɗe a Windows. Mai tambaya, bismillah.