Haƙƙin Makaɗan Gida a Tarukanmu na Birni

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan'uwa mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa mazauna birane.

An ba mu 'yan mintuna mu yi magana a kan masu wasannin gargajiya da muke ɗaukowa daga gida idan hidima ta tashi, ko aure, ko naɗin sarauta, ko irin wannan taro na shekara.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Mai kiɗan na'ura da ake kira DJ, tun mako biyu kafin biki an yi jinga da shi, an ba shi kafin alƙalami. Shi kuwa mai gangar noma, saƙo kawai ake aika masa ya zo da yaransa. Su biya wa kansu kuɗin mota tun daga Riruwai ko Dadin Kowa, su yini a rana, abinci sai wanda ya rage, lada kuma sai abin da liƙi ya kawo. In ranar 'yan birni ba su zo da canji ba, shi ke nan. Idan an yi magana mu ce ai na gida ne.

Dā mutanen nan ba da mu suka dogara ba. Gayya ce take ciyar da mai gangar noma: yana biye da samari kunya-kunya, yana yi wa kowa kirarinsa, da kaka kuma a ba shi dammunan dawa. Mahauta suna riƙe da mai kalangu, maƙera da mai dundufa. Yanzu tarakta da maganin kashe ciyawa da ƙwadago sun kori gayya daga yawancin gonakinmu. Abin da ya rage wa makaɗin shi ne tarukanmu, kuma ɗansa yana kallon abin da uban yake komawa gida da shi. Shi ya sa ɗan ya gwammace ya sayi babur.

Turawan Ingila sun taɓa shiga irin wannan hali da wata rawarsu ta ƙauye mai suna Moris, wadda ake yi da ƙararrawa a ƙwauri, kusan yadda 'yan Koroso suke ɗaura nasu. Ta kusa mutuwa. A ƙarshen 1899 wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya ga magina suna yin ta a ƙauyen Headington domin neman na cefane, saboda sanyi ya tsayar musu da aiki. Ya rubuta kiɗan daga wajen makaɗinsu, William Kimber, kuma a 1911 ya kafa ƙungiyar raya raye-rayen gargajiya. Yau ana gayyatar su bukukuwa, a daidaita farashi tukuna, kowace ƙungiya da mai riƙe mata jaka. A nan Kano ma, 'yan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa sun ɗore ne domin akwai hukumar da ta tsaya musu.

Mun san wasu malamanmu suna da ja a kan kiɗa, kuma ba mu raina maganarsu ba. A yi da rana, ban da cakuɗuwar maza da mata, ban da zambo da batsa. Amma wanda ya riga ya kira mutum aiki, babu malamin da zai ce ya hana shi ladansa.

Don haka muna roƙon kwamiti ya sa wakilin kowace ƙaramar hukuma ya rubuto sunayen masu gangar noma, da makaɗan tauri da na kokawa, da Fulani masu sarewa na gefen dajin Falgore, kafin kaka mai zuwa. Duk wanda za a ɗauko, a yi jinga da shi a gaban ma'aji, a biya rabi da kuɗin mota kafin ya baro gida, a tanadi masauki da abinci. Liƙi kyauta ce, kada a lissafa shi cikin jinga. Tsofaffin cikinsu kuma a ɗauki kiɗansu da kirarinsu a waya, sakatare ya adana.