Wayar salula da ruwan garka: jawabin malamin gona ga manoman Dogo



Yau maganar ruwa na kawo muku. Ku mutanen Dogo Allah ya ba ku Korama. A wasu wurare na jihar Damagaram sai an yi gaba da yawa kafin a tadda ruwa, ku kuwa ruwanku yana kusa. Shi ya sa rake da rogo da albasa da kabeji suke fita daga nan zuwa kasuwar Zinder.

Da can, kakanninmu da guga suke ban ruwa. In hannu ya gaji, sai a bari. Daga baya injin ban ruwa ya shigo. In mai ya ƙare, ko kuɗin mai ya yi tsada, sai a kashe inji. Yanzu ga allon hasken rana, wanda muke ce ma pano. Shi ba ya shan mai, ba ya gajiya. Tun hantsi har la'asar yana jan ruwa. Abu ne mai kyau, amma shi ne ya ba ni tsoro. Na ga garka inda aka kunna famfo aka tafi kasuwa, aka dawo aka tarar ruwa ya kwanta kamar tabki. Mai garkar ya ce mini: ai ba da kuɗi na saye shi ba. Na ce masa ruwan da ya zubar, daga ƙarƙashin garkar maƙwabcinsa ya jawo shi.

Ruwa in ya yi yawa yana ɓarna uku. Yana wanke taki ya kai shi ƙasa inda saiwa ba ta kai. Yana ruɓar da saiwa. A fadamar da ke da kanwa kuma, in ruwan ya bushe sai farin gishiri ya fito sama, ƙasa ta mutu. Kun san irin wuraren nan, ba sai na nuna muku ba.

To, akwai dabara. Wani ɗan ƙasarmu Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙera na'urar ban ruwa daga nesa. Ga yadda take aiki. Ana haɗa famfo da wani ɗan akwati mai layin waya a cikinsa. Manomi yana gida, ko yana kasuwa, sai ya buga lamba da salularsa. Famfo ya tashi. In lokacin da ya tsaida ya cika, famfo ya tsaya. Akwatin kuma yana iya auna zafin rana da iska da yawan ruwan saman da ya sauka, ya aiko ma mai garka. Wannan aiki ya samu kyauta ta kamfanin Orange a shekarar 2011. A shekarar 2015 kuma, a babban taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu, an ba shi kyautar Sarki Hasan na biyu na Maroko.

Akwai kuma wani ɗan ma'auni da ake cusawa cikin ƙasa kusa da saiwa. Shi ne ke faɗin ko ƙasa tana da laima ko ta bushe. Sau da yawa saman ƙasa ya bushe, amma ƙasan yana da sanyi. Ido ba ya ganin haka, ma'aunin yana gani. In da laima, ba a kunna famfo ranar nan. Ruwan ya zauna cikin rijiya har watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake nemansa ido rufe.

Ba zan ɓoye muku ba, kayan suna da tsada. Mutum ɗaya mai ƴar garka ba zai iya ba, sai dai ƙungiya ta haɗa kuɗi. In babu rezo, kira ba ya shiga. Ƙurar hunturu tana rufe pano, sai an riƙa sharewa. Ɓarayi ma suna sonsa. Batirin da ya mutu kuma guba ne, kada a yar da shi cikin garka ko bakin rijiya, kada a bar yara su fasa shi.

Wani zai ce wannan aikin masu boko ne. Ku tuna da gawo. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani. Bayan farin 1984, ku da kanku kuka riƙa barin ƴan itatuwa suna tashi cikin gonaki. Da masana suka duba hotunan tauraron ɗan Adam bayan shekarar 2000, sai suka ga wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace a ƙasarmu, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Gundumomin Mirya da Magarya da Matamai suna kan gaba. Na'ura ce ta ƙirga, amma hannunku ne ya yi aikin.

Shi ya sa nake roƙonku ku riƙe karatun nan. Wanda ya iya karanta lamba, shi ne zai buga waya ya karanta saƙon da akwati ya aiko, ba sai ya nemi ɗan makaranta ba.

Kafin na'ura ta iso, ga aikin da za mu soma da shi. Kowa ya nemi igiya, ya ɗaura mata ƙulli a kowace mita. Kowace Juma'a da safe, kafin a ja ruwa, ya auna daga bakin rijiya zuwa kan ruwa. Ya rubuta rana da lambar cikin littafinsa. Ƙarshen wata ku kawo ma malaminku, mu haɗa na kowa mu ga inda ruwan Korama yake sauka.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.