Gasa Kifi Da Ruwan Lemo Da Zuma A Gida

Jawabi ga iyaye mata a Tarauni, Kano

Yau zancen kifi za mu yi.

A ƙasashen Turai akwai wani kifi mai jan nama da ake kira salmon. Sukan gasa shi, su shafa masa ruwan lemo da zuma. Ba ya rayuwa a ruwayenmu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfinmu. Amma kifin ƙanƙara da muke kira titus yana da irin man da ke jikinsa, man da ke taimakon zuciya da ƙwaƙwalwar yara. Wanda ya fi son na ruwan daɗi kuwa, ga karfasa da tarwaɗa irin na dam ɗin Tiga. A ganina titus ya fi dacewa, gama mansa ba ya barinsa ya bushe a wuta, kuma ba sai kin zuba man gyaɗa ba. Kun san kuɗin kwalba ɗaya.

In kin je kasuwar Tarauni, ki danna kifin da yatsa. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, ko yana wari, ki bar shi komai arharsa. Lemo kuwa, 'Yan Lemo ta Na'ibawa ba ta da nisa.

Ki matse lemon zaƙi 2 da rabin lemon tsami. Ki sa zuma cokali 2, in babu ki sa sukari, da dakakkiyar citta da tafarnuwa da ɗan barkono. Ki dafa a ƙaramar wuta har ruwan ya koma rabi, ya soma kama cokali.

Na san wata za ta ce ba ta da obin. Wadda ta taɓa gasa kek a tukunyar yashi ta riga ta iya. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki rufe, ki ɗora a garwashi kamar minti 15 ya ɗauki zafi. Ki wanke kifin, ki tsattsaga bayansa, ki shafa gishiri, ki jera a farantin ƙarfe bisa ganyen ayaba. Ki ɗora farantin a kan yashin, ki rufe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin.

To, a nan ne akan ɓata aiki. Kada ki shafa ruwan zuman tun farko. Zaƙi yana saurin ƙonewa: waje zai yi baƙi da ɗaci, ciki kuwa ɗanye. Ki bar kifin ya yi minti 15 tukuna, sa'an nan ki buɗe ki shafa, ki sake rufewa minti 5. In kin taɓa naman da cokali ya rabu da ƙaya cikin sauƙi, ya nuna. Babbar tarwaɗa za ta ɗan ƙara lokaci.

Masu goyo, ku ji wannan da kyau. Ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, ko ɗanya ko dafaffiya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikinsa. Ki cire nasa kafin ki shafa, ki murje naman da yatsu ki tsince ƙaya sarai.

A ci da shinkafa ko dankali, da kwaɗon zogale. Ki ajiye lemo guda ki yanka wa yara ɗanye bayan abinci, domin wuta tana rage sinadarin bitamin C, shi ne kuwa ke taimakon jiki ya ɗauki abin da ke ƙara jini daga ganye da wake.