Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Wata: Kafin Ka Kai Ƙarar Ɓata Suna



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne yawan ƙorafin da ake kawo mana ofis: wane ya ce na ci kuɗin adashi, wance ta yi wa 'yata sharri, a kai su kotu. Mu ba lauyoyi ba ne, bokonmu na yaƙi da jahilci ne, amma yawan raka mutane wurin lauya ya koya mana abin da ake fara tambaya.

Tambayar farko ita ce: wa ya ji? Idan mutum ya tare ka ku biyu ya ce maka ɓarawo, komai zafin da ka ji, kotu ba ta ɗaukar wannan ɓata suna. Sai maganar ta isa kunnen wani na uku. Sannan dole ta kasance da kai ake, ko da sunanka ko da kwatancen da jama'a za su gane ka. A nan ne mu mazauna Kudu muke yawan shan mamaki. In wani ya tsaya a tasha ya zagi Hausawa baki ɗaya, abin da ciwo, amma ba za ka iya shigar da ƙara da sunanka ba, domin bai ware ka ba. Irin wannan, shugabanni ake kai wa, su bi ta hanyar hukuma.

Doka ta bambanta abin da aka rubuta da abin da aka faɗa da baki. Rubutu ya fi nauyi, ko a jarida ne, ko takarda, ko abin da aka rubuta a Facebook da WhatsApp, ba sai ka nuna asarar da ka yi ba. Maganar baki kuwa, galibi sai ka nuna asara, kamar dillalin da aka daina aiko wa kaya daga Arewa. Amma akwai maganganun da ba a neman wannan hujja a kansu: a jingina maka laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ko cuta mai yaɗuwa, ko a ce ba ka da amana a sana'arka, ko a yi wa mace ƙazafin zina.

Ga wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Harshen Babbar Kotu Turanci ne, mu kuwa da Hausa muke faɗa, wani lokaci da Yarbanci. Dole a rubuta kalmomin yadda suka fito daga bakin mutumin, a harshen da ya faɗe su, sannan a fassara su. "Ai ya zage ni ƙwarai" ba hujja ba ce. Saboda haka ranar da abin ya faru, a sami ɗan makaranta ya rubuta maganar, da rana, da wuri, da sunayen waɗanda suka ji. Saƙon waya kuma kada a goge shi don fushi.

Shi ma wanda ake ƙara yana da mafita. In abin da ya faɗa gaskiya ne kuma ya tabbatar, ka faɗi ƙasa, kuma asirin da mutum goma suka sani ya zama na duniya. Haka zagin da aka yi cikin zafin faɗa. A 1959, a shari'ar Bakare da Ishola a tsohuwar Jihar Yamma, an kira mutum ɓarawo kuma tsohon fursuna ana cikin rigima, kotu ta ce wannan zagi ne kawai, masu sauraro ma sun san haka.

Kada kuma mu ɗauka dokar gida ita ce ta nan. A Arewa akwai sashe na 391 da 392 na Penal Code, ga kuma haddin ƙazafi a jihohin da ke bin Shari'a. A yawancin jihohin Kudu sashe na 375 na Criminal Code ne, ɗaurin shekara ɗaya, ko biyu in mutum ya san ƙarya yake yi. Legas kuwa ta cire ɓata suna daga dokar laifuffukanta tun 2011, saura ƙarar neman diyya. Masu garzayawa caji ofis don a kulle maƙwabci su lura, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba.

Ƙara tana da wa'adi, kuma takan ci shekaru da kuɗin lauya. Mun ga wanda ya ci nasara bayan jarinsa ya ƙare. Shi ya sa lauya kan fara rubuta wasiƙa yana neman a janye magana a ba da haƙuri. A ganinmu, janyewa a gaban jama'ar da suka ji maganar, a fadar Sarki ko ƙofar masallaci, ta fi saurin wanke mutum. In hakan ya ƙi, a Legas akwai zauren sulhu na Multi-Door Courthouse da aka buɗe a 2002, kuma yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu a can tana da ƙarfin hukuncin kotu.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren mata.