Ƙaddara da Hali a Rayuwar Jarumai Uku na Adabi



An nemi in yi magana a kan ƙaddara da zaɓin ɗan Adam kamar yadda suka bayyana a rayuwar manyan jaruman adabi. Tun da fari bari in shata iyaka. Bayanin ƙaddara ta fuskar tauhidi aikin malamai ne. Ni abin da zan duba shi ne yadda marubuta uku, daga ƙasashe uku da zamuna uku, suka ɗora wa jarumansu abin da ba su da ikon kauce masa, sa'an nan suka bar musu wani abu a hannu. Tambayar ita ce: ina iyakar abin da ya sami mutum, ina kuma mafarin abin da ya jawo wa kansa?

Mu fara da mafi sauƙi, wato Makbet, wasan kwaikwayon da Shekisfiya na Ingila ya rubuta wajen shekarar 1606. Makbet sarkin yaƙi ne a ƙasar Sikotlan. Yana komowa daga fagen fama da nasara, shi da abokinsa Banko, sai suka gamu da wasu matsafa mata uku. Suka yi masa albishir da sarautar Kawdo, bayanta kuma da sarautar ƙasa baki ɗaya. Ba a jima ba manzanni suka iso da labarin cewa Sarki Dunkan ya ba shi sarautar Kawdo. Daga nan zuciya ta shiga saƙe-saƙe. To, amma ku lura, matsafan nan ba su ambaci wuƙa ba, ba su kuma ce a kashe kowa ba. Makbet ne da matarsa suka ƙulla wannan, har ya kashe Dunkan cikin dare, alhali kuwa sarkinsa ne, ɗan'uwansa ne, kuma baƙonsa ne da ya kwana a gidansa. Shi ma Banko ai an yi masa nasa albishir, cewa zuriyarsa za ta yi sarauta, amma bai zare takobi a kan kowa ba. Kunne biyu suka ji magana iri ɗaya, hannu ɗaya ne ya ɗauki wuƙa.

Daga Sikotlan mu dawo gida Nijeriya, ga Okonkwo na littafin Things Fall Apart, wanda Chinua Achebe ya wallafa a 1958. Okonkwo bai zaɓi ubansa ba. Unoka mutum ne mai son busa sarewa, ga ƙiwuya, ga tarin bashi, ya mutu bai bar wa ɗansa ko rumbu ba. Tsoron kada a ce ya gado ubansa shi ya zama linzamin Okonkwo har ƙarshen ransa. A littafin nan akwai kisa biyu da ya kamata mu jera su mu duba. Na farko na Ikemefuna ne, yaron da mutanen Mbaino suka bayar diyya, ya yi shekara 3 a gidan Okonkwo har yana kiransa uba. Da tsafin gari ya yanke a kashe yaron, sai dattijo Ezeudu ya zo takanas ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu. Abokinsa Obierika ya yi zamansa a gida. Okonkwo ya bi su daji, kuma da yaron ya ruga wurinsa neman ceto, shi ya sare shi, don kada a ce masa rago. Na biyu kuwa a wurin jana'izar Ezeudu ne, inda bindigar Okonkwo ta fashe ta kashe ɗan mamacin, aka kore shi zuwa Mbanta shekara 7. Wannan tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Wancan kuwa zaɓi ne. Hukuncin tsafi ya hau kan yaron, amma bai ambaci sunan wanda zai ɗaga adda ba.

Wani zai ce, to, waɗannan biyu an ba su hanya sun ƙi bi. Yaya batun wanda aka toshe wa kowace hanya? Wannan ya kai mu ƙasar Girka, ga Odifas, wasan da Sofokilis ya rubuta a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. An gaya wa Layus, sarkin Tibis, cewa ɗansa ne zai kashe shi. Sai aka huda ƙafafun jaririn, aka ba wani makiyayi ya yar da shi a kan dutse. Makiyayin ya ji tausayi, ya miƙa shi ga wani, yaro ya tashi a gidan sarkin Koranti yana zaton ɗan gida ne. Da ya girma, gidan tsafin Delfi ya shaida masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya guje wa Koranti don kada hakan ta faru. A wata mararraba mai hanya uku ya yi rigima da wani dattijo a kan wa zai kauce, ya kashe shi. Ya isa Tibis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta da matar marigayi sarki, Jokasta. Gudun da ya yi shi ya kai shi inda yake gudu. A nan kam ƙaddara ta riga fata.

Duk da haka, jama'a, ku duba inda Sofokilis ya fara wasansa. Duk abubuwan nan sun riga sun faru da shekaru kafin a ɗaga labule. Abin da 'yan kallo ke gani shi ne annoba ta faɗa wa Tibis, an ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus, sarki kuma ya ɗaura ɗamarar bincike. Mutum uku suka so ya bari. Makahon boka Tiresiyas ya nemi a ƙyale shi ya koma gida. Jokasta, da ta fara gane bakin zaren, ta roƙe shi ya daina tonawa. Tsohon makiyayi ya ƙi buɗe baki sai da aka tilasta shi. Odifas sarki ne, yana da ikon rufe maganar, amma ya ci gaba da tono har ya tono kansa. Maganar Delfi ta ƙunshi kisa da aure, ba ta ƙunshi bincike ba. Wannan nasa ne, kuma a nan girmansa yake. Da gaskiya ta fito bai laɓe a bayan jahilcinsa ba, ya zartar wa kansa hukunci, ya tsiyayar da idanunsa, ya nemi a fitar da shi daga gari.

Ashe ke nan marubutan uku sun haɗu a kan abu guda. Ƙaddara ita ke kai mutum mararraba, hali kuwa shi ke nuna abin da zai yi in ya isa. Don haka ne suka ajiye wani kusa da jarumin, kamar Banko da Obierika, ko suka sa masu cewa a bari, don mai karatu ya gani da idonsa cewa akwai wata hanya. Hausawa kan ce hali zanen dutse, amma littattafan nan sun nuna mana cewa da kaɗan-kaɗan ake yin zanen, kuma mai dutsen ne ke riƙe da ƙusa. Makbet bai zama azzalumi a dare ɗaya ba. Daga Dunkan ya wuce ga Banko, daga Banko ya wuce ga matar Makdaf da 'ya'yanta, kowane kisa yana sauƙaƙa na gaba.

Daga ƙarshe, ku da za ku riƙe ofisoshi, da ku da kuka riga kuka fara, wannan magana ta shafe ku. Babu wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi, ko zamanin da ya tarar, ko shugaban da za a ɗora masa. Amma ranar da za a turo muku takarda a ce umurni ne daga sama, ku sa hannu a kan abin da kuka san zalunci ne, ku tuna da Obierika da ya zauna a gida. Ranar da bincike ya fara nuno ku ko naku, ku tuna da sarkin Tibis da ya ƙi rufe magana. Abin da ya fi ƙarfinmu ba za a tambaye mu shi ba. Abin da ke tsakanin yatsunmu da alƙalami, wannan namu ne.